Idon Ciyaman

Litinin, 3 ga Maris, bakwai na safe

Na canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tanki. Ruwan rijiya ne, ya kwana a durom. Wannan littafi na kifi ne: ranar canza ruwa, abinci, lafiya. Ba na rubuta surutu.

Kifi biyu ne, Ciyaman da Madam, irin masu ido waje da masu sayarwa ke kira telaskof. Alhaji Misbahu, maƙwabcina a kasuwa mai sayar da ƙusa da fenti, shi ya kawo mini su daga Kaduna a leda, shekara shida ke nan. Lokacin tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, idonsu kuma irin na kowane kifi. Sai da suka yi watanni sannan idon ya fara turowa waje kamar 'ya'yan kanya. Madam ja ce da fari. Ciyaman baƙi ne wuluk kamar gawayi. Babu irinsa a Kafanchan, na bincika.

Tankin ni na haɗa shi da hannuna. Ƙafa huɗu, ko ɗigo bai taɓa yi ba. Shekara talatin da huɗu ina yankan gilashi. A aji uku na bar sakandare, amma masu digiri ne ke tsayawa a ƙofar shagona suna ce mini Oga Kambai.

Joanna ta ce akwai wani fari-fari a idon Ciyaman na hagu. Na duba, ban ga komai ba. Matata takan ga abin da babu shi. Bara ma cewa ta yi kifin ya fara canza kala. Hasken falon ne ba shi da kyau.

Talata, 4 ga Maris, shida na yamma

Na sa sabon ƙwan fitila a falo. Shi ma ba shi da haske. Kayan zamani.

Alhamis, 6 ga Maris, ɗaya na rana

An dawo da gilasai takwas daga cocin Samaru Kataf, cikin ashirin da na yanka musu na taga. Wai sun gaza da faɗin yatsa. Tef ɗin awo ne. Lambobin tef na yanzu ƙanana suke yi musu kamar ƙwan kwarkwata. Na sayi wani.

'Yata Afiniki ta zo daga Zangon Kataf, inda take koyarwa. Ta ajiye wata takarda a kan tebur, ta ganin likitan ido, ranar 2 ga Afrilu. Ta ce, "Baba, na riga na sa sunanka." Na ce wa ya aike ki? Ta ce, "Ba kowa." Uwarta tana kicin tana ta buga tukunya kamar ba ta ji.

Na naɗe takardar na sa ta a ƙarƙashin famfon iska na tanki. Dama yana ƙara idan ya taɓa katako. Yanzu ya yi shiru. Ta yi amfani.

Asabar, 8 ga Maris, bakwai na safe

Ciyaman bai ci ba.

Bari in rubuta yadda ake ba su abinci, don mutane ba su gane kifin nan ba. Kowa ya shigo falona sai ya ce, kai, wannan mai manyan idanu ai ba abin da ke ɓoye masa. Ƙarya ne. Duk cikin kifaye ba wanda ya kai shi rashin gani. Da hanci yake neman abinci. Shi ya sa ba a haɗa shi da kifi mai sauri, yunwa za ta kashe shi. Ba a ba shi abinci mai tasowa sama, sai mai nutsewa. Kuma wuri ɗaya kullum. Ni a kusurwar dama nake zubawa, bayan na ƙwanƙwasa gilashi sau uku da farce. Yana jin uku, zai juyo da wannan doguwar wutsiyar tasa, a hankali, kamar ciyaman zai shiga taro. Daga nan ya samo sunan.

Yau na ƙwanƙwasa. Madam ta zo. Shi bai zo ba.

Lahadi, 9 ga Maris, biyu na rana

Bayan sujada Joanna ta durƙusa gaban tanki da kayan cocinta. Ta ce, "Baban Afiniki, idon ya kumbura, ya yi ja. Kamar yanka ne a jikinsa. Zo ka gani." Na zo. Na ce na gani.

Yanka daga ina? Ba dutse mai kaifi a tankina, ba fulawar roba. Dokar farko ta kiwon kifin nan ke nan: idonsa a waje yake, ba fatar da za ta rufe shi, duk abin da ya goga zai ji masa ciwo. Adon da ke ciki guntayen gilashi ne masu kala, shuɗi da kore, ragowar aikin coci, da na zuba a watan jiya. Ni na wasa bakinsu a dutse ɗaya bayan ɗaya. Ba daga nan ba ne.

Litinin, 10 ga Maris, biyar na yamma

Na raba shi da Madam, na sa shi a baho da ruwa mai gishiri kaɗan. Cokalin shayi ɗaya a kowace galan. Joanna ta kawo gishirin miya na leda, na ce ba shi ba, wannan an haɗa masa magani. Mai ƙwaya ake so, na awo. Ta ce, "Gishiri ai gishiri ne." Na ce da gishiri gishiri ne da ke ma kin iya kiwon kifi. Ta tafi kasuwa ta sayo. Ita ta auna, don hannuna a jiƙe yake.

Alhamis, 13 ga Maris, bakwai na yamma

Na gano. Kowace Alhamis matan zumunta na cocinmu suna taruwa a falona koyon waƙa. Su zo da kacau-kacau, da ganga, da tulun nan da suke bugawa. Kifin da ba ya gani da jijjiga yake rayuwa. An buga, ya firgita, ya bugi bango da ido. Shi ke nan.

Na shigo na same su wajen su goma sha biyar. Na ce daga yau ba taro a gidan nan. Mama Regina, shugabarsu, wadda ta girme ni, ta ce, "Kambai, a kan kifi?" Na ce a kan kifi, Mama. Ta ce, "To, Ubangiji ya ba kifi lafiya." Suka kwashi gangarsu suka fita ɗaya bayan ɗaya. Wata ta gaishe ni da suna a bakin ƙofa, ban gane ko wace ce ba. Sun yi anko, duk iri ɗaya suke.

Joanna ta shiga kicin. Ta ba ni tuwo. Miyar ba gishiri.

Juma'a, 14 ga Maris, safe

Bai ci ba. Kwana bakwai.

Asabar, 15 ga Maris, tara na safe

Joanna ta tafi Madakiya wurin yayarta. Wai za ta taya su gyaran irin citta kafin ruwa ya sauka. Ba ta taɓa taya su ba. Da za ta hau mashin ta ce, "Gishirin kifinka yana cikin kwalbar da na ɗaura wa tsumma a wuya, don kada ka ɗauki ta sukari." Na ce na san kwalbar gishiri. Ta ce, "Na sani."

Biro ya daina fitowa sosai a takardar nan. Na koma rubutu da baƙar maka mai kaurin baki. Littafin zai ƙare da wuri.

Litinin, 17 ga Maris, shida da rabi na safe

Na tsaya a kan baho na daɗe. Bahon shuɗi ne mai duhu, kifin kuma baƙi. Ban iya sanin yana motsi ko ba ya yi ba. Na fitar da bahon waje, rana ta hasko ruwan, abin ya ƙara lalacewa, sai wani fari kamar hayaƙi. Na sa hannu a hankali ina lalube. Ya goga mini wutsiya a tafin hannu.

Yana da rai.

Na juye shi a farar robar wanki ta Joanna. A fari ana ganinsa. Laifin bahon ne.

Laraba, 19 ga Maris, huɗu na yamma

Zafi ya yi yawa. Kifin nan ruwan sanyi yake so. Na jiƙa buhu na naɗe robar, na mayar da ita ɗakin da ba rana.

Na sake yanka gilasan coci guda takwas. Ni ba sai na kalli daimon, abin yankan gilashi, ba idan ina yanka, da kunne nake ji. Idan ya yi kuka siriri ba tsayawa, layin ya yi. Kukan ya yi daidai duk takwas ɗin. Awon ne ban tabbatar ba. Na auna sau uku, sau uku na sami lamba daban. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Haka na saba gaya wa masu koyon aiki.

Ban aika da su ba tukuna.

Juma'a, 21 ga Maris, uku na rana

Alhaji Misbahu ya shigo shago ya zauna a benci. Yana azumi, baki ya bushe, amma bai hana shi magana ba.

Ya ce, "Injiniya, yaya jikin maigidan naka?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Na ji ka kori zumunta guda saboda shi. Ko gwamna bai isa ya yi wannan ba." Na ce kowa da gidansa.

Sannan ya ce, "Ranar Talata na ɗaga maka hannu a bakin tasha, ka wuce. Jiya a gaban mai nama, ka sake wucewa. Shekara ashirin muna bango ɗaya. Mutanen layi suna cewa Kambai ya yi kuɗi, ya daina gaisuwa."

Na ce su faɗa.

Ya ce, "Ni na ce musu girman kai kam yana da shi tun yana yawo da gilashi a keke, ba sabo ba ne. Amma da can yana gaisuwa." Ya ɗauko gwangwanin fenti biyu daga shagonsa ya dire mini a tebur. "Wanne ne shuɗi?"

Na ce ba ni da lokacin wasa, Alhaji, azumi ne ke damunka.

Ya ce, "Haka ne." Ya kwashe kayansa. A bakin ƙofa ya ce, "Yayana ma haka ya yi ta fama, ashe yanar ido ce. Minti ashirin aka yi aka cire masa. Yanzu shi ke sa wa matarsa zare a allura."

Gara a ce ina da girman kai. Wannan na san yadda ake ɗaukarsa.

Asabar, 22 ga Maris, safe

Idon ya fashe. Na ji da yatsa, wurin ya lotsa. Bai ci ba.

Lahadi, 23 ga Maris, biyar na yamma

Ban je coci ba. Matan zumunta ne ke waƙa yau.

Afiniki ta kira. Ta ce, "Baba, ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Takardar fa?" Na ce tana nan, tana aiki. Ta ce, "Mama tana tambaya ko kifin ya ci." Na ce uwarki ba ta da waya ne?

Litinin, 24 ga Maris, sha ɗaya na safe

Na ce bari in wanke tankin gaba ɗaya, ko da wata cuta a ciki, kada ta kama Madam. Na kwashe ruwa. Na sa hannu ina tattara guntayen gilashin ado daga ƙasa.

Wani ya yanke ni a babban yatsa. Yanka mai zurfi, jini har gwiwar hannu.

Na fito da shi. A kusurwar dama yake, daidai inda nake zuba abinci, inda Ciyaman ke kifa kai yana shinshina. Gefe uku sumul. Gefe na huɗu kamar reza. Dutse bai taɓa shi ba.

Maigidana da ya koya mini aiki, Ubangiji ya ji ƙansa, yana da doka. Idan ka wasa bakin gilashi, ba a dubawa da ido. Tsohuwar safa ake ja a kai, gefe huɗu. Idan zare ya kama, ba ka gama ba. Ya taɓa marina a kan wannan. Ni ma na koya wa duk wanda ya bi ta hannuna. Akwai safar a shago, a rataye a ƙusa.

Ran da na wasa waɗannan guntaye, na tuna, ban ja safa ba. Ɗaga su na yi sama ɗaya-ɗaya ina kallo a hasken ƙofa, don Alhaji yana zaune a benci, kuma da safen ranar ya ga ina laluben daimon alhali yana gabana. Na so ya ga ina gani.

Talata, 25 ga Maris

Ba ganga ba ce.

Laraba, 26 ga Maris, shida na yamma

Na ja safa a kan sauran guntayen, talatin da ɗaya. Biyu sun kama zare. Na zubar da duka a ramin bayan gida. Tankin ba ado yanzu, ruwa ne kawai da Madam.

Na kira Kumai. A hannuna ya koyi aiki, yanzu yana da shagonsa a hanyar Kagoro, har ya fara furfura. Na ce ya zo ya auna gilasan coci. Ya auna, ya sake aunawa. Na ce faɗi. Ya ce, "Oga, biyar sun yi. Uku sun wuce." Na ce ka ɗauki aikin ka ƙarasa musu kafin Ista. Ya ce, "Zan yanka, amma kai za ka saurari daimon, Oga. Har yau kunnena bai kai naka ba." Ƙarya yake yi, amma na koya masa ladabi.

Alhamis, 27 ga Maris, bakwai na safe

Na ƙwanƙwasa bakin roba sau uku, na zuba ƙwayar abinci huɗu. Na sa yatsa a ruwa ina jira. Ya zo ta gefe, a karkace, ya yi zagaye ɗaya ya wuce wurin. Ya dawo. Na ji bakinsa a yatsana.

Ya ci biyu.

Kwana goma sha tara.

Juma'a, 28 ga Maris, huɗu na yamma

Na hau mashin zuwa Madakiya. Ba ni na tuƙa ba. Na same su a gindin mangwaro suna ɓare citta. Na gaida yayarta, na gaida wata da na ɗauka Joanna ce, ashe maƙwabciya ce. Suka yi dariya, ban da mutum ɗaya. Ta haka na gane inda take.

Na ce kifin ya ci. Ta ce, "Mun gode wa Ubangiji." Na nuna mata yatsana da tsumma. Na ce gilashina ne ya yanke shi, ba gangarku ba. Ta ci gaba da ɓare citta. Na ce matan su dawo ranar Alhamis.

Ta ce, "Da bakinka ka kore su, Baban Afiniki. Ba ni zan kai saƙo ba."

Na ce to.

Ta ce, "Sai me kuma?"

Na ce ganin likitan idon ranar Laraba biyu ga wata ne. Ban san ƙofar da ake shiga ba a wurin.

Ta karkaɗe zaninta ta shiga ɗaki ta ɗauko jaka. A ɗaure take. Yayarta ta ce tun ran da ta zo ba ta kwance ta ba.

Lahadi, 30 ga Maris, biyu na rana

Na tsaya a ƙofar coci bayan sujada na ce a nuna mini Mama Regina. Na cire hula. Na faɗi abin da zan faɗa, a gaban mutane. Ta ce, "Mun yafe tun ranar. Amma ganga za mu ƙara guda ɗaya." Na ce a sa ta nesa da tanki. Ta ce, "Kun ji shi ko? Halin bai mutu ba."

Alhaji ya aiko da abincin salla. Na aika masa cewa na hagu ne shuɗi. Ya aiko cewa duka biyun kore ne.

Talata, 1 ga Afrilu, shida na yamma

Na mayar da Ciyaman tanki. Madam ta bi shi tana shinshina. Ido ɗaya, yana iyo a ɗan karkace, amma ya sami kusurwarsa.

Na koya wa Joanna. Sau uku, da farce, ba da zobe ba. Kusurwar dama. Ƙwaya shida, a jiƙa tukuna. Ta ce, "Shekara shida ina kallonka kana yi." Na ce kallo daban, yi daban.

Na ciro takardar daga ƙarƙashin famfo. Ya koma ƙara.

Laraba, 2 ga Afrilu

Likita ya ce yanar ido ce, duka biyu. Za a fara da na dama ranar Talata.

Alhamis, 10 ga Afrilu, goma na safe

Da biro nake rubutu.

Jiya aka cire bandeji. An ce kada in sunkuya, kada in ɗauki ruwa, kada ƙura ta shiga. Joanna ke canza ruwan tanki, ni ina kujera ina ba da umarni.

Falon nan ƙwan fitila huɗu ne a ciki. Ni na sa su. Kamar filin ƙwallo. Na ce a kashe uku.

Da muka dawo gida na ce a ja mini kujera gaban tanki. Joanna ta ƙwanƙwasa sau uku. Madam ta zo, ja da fari, na ga har ɓawon jikinta ɗaya-ɗaya. Sai wani kifi ya biyo ta a karkace, mai ido ɗaya. Cikinsa da gefensa duka ruwan zinariya, kamar sabon kwabo. Baƙin da ya rage ɗan layi ne a gadon baya da bakin wutsiya.

Na ce wannan wane ne?

Afiniki ta toshe baki ta fita waje.

Joanna ta ce, "Ciyaman ɗinka ne."

Na san irinsu sukan juya kala idan sun manyanta, musamman a ruwa mai ɗumi. Ni na gaya wa Alhaji haka tun ran da ya kawo su. Na ce tun yaushe?

Ta ce, "Tun Kirsimetin da ya wuce na bara."

Na ce duk baƙin da na kawo falon nan ina ce musu baƙi wuluk, babu irinsa a Kafanchan, ba wanda ya iya buɗe baki?

Ta ce, "Na faɗa maka. Ka ce hasken falo ne."

Na daɗe ina kallonsa. Ya kifa kai a kusurwar dama yana neman ƙwayarsa da hanci, ta gefen da ba idon. Wurin ya warke sumul.

Na koma shafin farko na littafin nan don in gyara. Na ga abin da na rubuta, manyan baƙaƙe suna hawa kan juna. Na fasa, na bar shi yadda yake.

Ciyaman: ruwan zinariya, ido ɗaya. Ya ci shida. Har yanzu babu irinsa a Kafanchan.

Matan zumunta ƙarfe huɗu. Aikin idona na hagu sai watan gobe.